Waiwaye: Yadda Fatalwar Littattafan Manga Ta Shiga Silimar Japan

A watan Fabrairun shekarar 2000 gidajen silima a Japan sun haska wasu finafinai biyu na ban tsoro a haɗe, Uzumaki da Tomie: Replay, waɗanda duka an ciro su ne daga littattafan zane na mutum ɗaya, Junji Ito. A lokacin kasuwar finafinan fatalwa tana kan ganiyarta a ƙasar, kuma kamfanonin shirya fim suna neman duk labarin da zai iya firgita matasa. Tun daga wancan lokaci har zuwa yau, duk sanda aka mayar da wani littafin manga (wato littafin labari cikin zane irin na Japan) na ban tsoro zuwa fim, muhawara iri ɗaya ce take tashi tsakanin waɗanda suka karanta littafin da waɗanda suka fara haɗuwa da labarin a allo. Domin a fahimci dalilin wannan saɓani, sai an koma baya an duba inda waɗannan labarai suka samo asali da kuma mutanen da aka fara zana su dominsu.

Labarin fatalwa tsoho ne a Japan, kuma suna kiransa kaidan. A zamanin Edo, daga ƙarni na 17 zuwa na 19, mutane kan taru da dare su kunna fitilu ɗari, duk wanda ya gama ba da labarinsa sai ya kashe ɗaya, har ɗakin ya yi duhu ƙirin. Wasan kwaikwayon dandali na kabuki mai suna Yotsuya Kaidan, wanda Tsuruya Nanboku na huɗu ya rubuta aka fara nuna shi a 1825, shi ne ya kafa siffar da duniya ta sani yanzu: mace wadda aka zalunta ta mutu da baƙin ciki, ta dawo da lalatacciyar fuska da gashi a warwatse tana neman fansa. An yi fim ɗinsa sau da dama, kuma wanda Nobuo Nakagawa ya ba da umarni a 1959 shi ne aka fi tunawa. A al'adarsu da bazara ake ba da irin waɗannan labarai, lokacin bikin Obon da ake cewa rayukan magabata suna ziyartar gida, har ma akan ce sanyin da tsoro ke sanyawa a jiki yana rage zafin rani.

Manga na ban tsoro kuwa daga talauci ya taso. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu yara da ƙananan ma'aikata ba su da kuɗin sayen littafi, saboda haka shagunan hayar littattafai da ake kira kashihon suka bazu a unguwanni, inda ake ɗaukar littafin zane a kan 'yan kuɗi kaɗan a dawo da shi. A wannan kasuwa ce Shigeru Mizuki, tsohon sojan da ya rasa hannunsa na hagu a yaƙi, ya fito da yaron nan Kitaro wanda aka haifa a makabarta, ya kuma farfaɗo da yokai, wato dodanni da halittun ɓoye na tatsuniyoyin ƙauyukan Japan. A cikinta kuma Kazuo Umezu, wanda aka haifa a 1936 ya rasu a 2024, ya koyi sana'arsa kafin ya koma mujallun 'yan mata a tsakiyar shekarun 1960, inda ya riƙa zana uwa da ta rikiɗe ta zama macijiya da 'yan'uwa mata masu ƙyashin kyawun juna. Wannan batu yana da muhimmanci ƙwarai, kodayake masu kallo a ƙasashen waje sukan manta da shi: babban kaso na manga na ban tsoro an zana shi ne domin 'yan mata 'yan makaranta, shi ya sa tsoronsa ya fi karkata ga fuska da madubi da kishi da gidan da ya daina zama mafaka.

Silima ta fara ɗiba daga wannan rijiya a 1968, lokacin da kamfanin Daiei ya haɗa wasu labaran Umezu ya yi fim mara kala game da yarinya macijiya da mayya mai farin gashi, ƙarƙashin umarnin Noriaki Yuasa, mutumin da aka sani da finafinan ƙaton kunkuru Gamera. Yara aka nufa da shi, kuma haka aka karɓe shi. Gwajin da ya fi barin tabo shi ne na 1987, sa'ad da Nobuhiko Obayashi ya ɗauki labarin Umezu na makarantar da ta ɓace da ɗalibanta ta faɗa wani mugun zamani mai zuwa, wanda aka buga daga 1972 zuwa 1974. Obayashi ya mayar da labarin makarantar 'ya'yan baƙi a birnin Kobe, ya cika shi da maganar Turanci, ya sassauta rashin imanin da yunwa da firgici suka jefa yaran a ciki, kuma masu son littafin ba su ga abin da suka sani a ciki ba. Hideshi Hino, wani gwanin zanen ban ƙyama, shi da kansa ya ba da umarnin wani fim na kaset a 1985 cikin jerin Guinea Pig, mai nuna yankan jiki ƙarara, kuma bayan da aka kama Tsutomu Miyazaki a 1989 kan kisan ƙananan yara mata aka tarar da dubban kaset a ɗakinsa, sai jama'a da jaridu suka juya wa irin waɗannan finafinai baya. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa masu shirya fim na shekarun 1990 suka rage jini suka koma ga inuwa da shiru da fatalwar da ke tsaye a bayan mutum ba ta motsi.

A tsakiyar wannan sauyi Junji Ito ya fito. An haife shi a 1963 a lardin Gifu, kuma yana aikin haɗa haƙoran roba ne lokacin da ya aika labarin Tomie zuwa gasar da ke ɗauke da sunan Umezu, aka buga shi a 1987 a mujallar 'yan mata ta Gekkan Halloween. Tomie yarinya ce kyakkyawa wadda duk namijin da ya so ta sai hankalinsa ya gushe ya kashe ta ya daddatsa gawar, sannan kowane yanki ya tsiro ya zama wata sabuwar Tomie. Bayan da fim ɗin Ring na Hideo Nakata, wanda aka ciro daga littafin zube na Koji Suzuki, ya cika silima a 1998, sai aka yi wa ayyukan Ito rububi. Ataru Oikawa ya yi Tomie na farko da Miho Kanno a matsayin yarinyar, kuma jerin ya ci gaba har zuwa 2011, kusan kowane fim da sabuwar 'yar wasa, akasarinsu da ƙaramin jari, wasu ma kasuwar bidiyo kawai aka nufa da su. Takashi Shimizu, wanda fim ɗinsa na fatalwa Ju-on ya ɗaukaka daga baya, ya ba da umarnin ɗaya daga cikinsu a 2001.

A nan ne matsalar da ke ƙarƙashin dukan muhawarar take bayyana sarai. A kan takarda kyawun Tomie abu ne da mai karatu yake kammalawa da tunaninsa daga 'yan layukan tawada da ɗigon baƙi a ƙarƙashin idonta na hagu, amma a allo dole a ɗauko mace ta gaske mai fuska guda, kuma babu fuskar da za ta gamsar da kowa cewa saboda ita maza suke haukacewa. Haka kuma Ito ya ƙware wajen tsara shafi ta yadda hoton da ya fi muni zai kasance a bayan takardar da mai karatu zai buɗe da hannunsa, ya zuba masa ido iya tsawon lokacin da zuciyarsa za ta ɗauka, ya bi dubban ƙananan layukan da aka yi wa fata da ido ɗaya bayan ɗaya. Fim yana ƙwace wannan iko daga hannun mai kallo, domin darakta ne yake yanke daƙiƙa nawa hoton zai yi, sannan abin da aka zana da alƙalami idan aka gina shi da roba ko da kwamfuta yakan koma abin dariya. A ganina wannan shi ne ainihin abin da masu karatu suke kuka a kai idan suka ce an lalata littafi, ko da kuwa a baki canjin labari suke ambata.

Uzumaki na 2000 ya fi sauran cancantar a daɗe a kansa, saboda shi ne ya gane wannan matsala ya kuma yi ƙoƙarin zama da ita. Littafin, wanda aka buga a mujallar Big Comic Spirits daga 1998 zuwa 1999, labarin wani gari ne mai suna Kurouzu da siffar murɗe irin ta bayan katantanwa ta zame wa la'ana: wani uba ya kamu da son siffar har ya nannaɗe jikinsa ya mutu, gashin 'yan mata ya riƙa murɗewa yana shanye ƙarfinsu, ɗalibai suka fara rikiɗa zuwa dodon koɗi. Daraktan, Higuchinsky, wanda ya fito daga harkar bidiyon waƙoƙi, ya rina hoton fim ɗin da wani kore-kore mai sa tashin zuciya, ya sa 'yan wasa su riƙa wuce gona da iri da gangan, ya mayar da bahon katakon da uban ya mutu a ciki injin wanki. An fara aikin fim ɗin kafin a kammala littafin, saboda haka ƙarshensa dabam ne, kuma abin lura shi ne cewa a babinsa na ƙarshe ya jera hotuna marasa motsi na mutanen garin da la'anar ta cinye, kamar dai ya yarda cewa tsoron Ito a tsaye yake rayuwa. Waɗanda suka san littafin sun yi takaicin rashin rugujewar garin da abin da ke ƙarƙashinsa. A Turai da Amurka kuwa, inda mutane da yawa suka same shi a faifan DVD ba tare da sun taɓa ganin littafin ba, baƙuntarsa da haɗa tsoro da dariya da ya yi su ne suka sa ya samu masoya 'yan kaɗan masu riƙe shi da muhimmanci.

Daga baya lissafin ya juya. Hollywood ta sake yin Ring a 2002 da Ju-on a 2004, amma ba ta iya yin haka da ayyukan Ito ba, yayin da littattafansa da kamfanin Viz yake fassarawa zuwa Turanci suka riƙa samun karɓuwa, musamman bayan da aka haɗa Uzumaki a kundi ɗaya a 2013, har Ito ya kai ga lashe Eisner, kyautar littattafan zane ta Amurka, a 2019 da kuma 2021. Mai kallo na ƙasashen waje yanzu ya riga ya karanta littafin, kuma yana zuwa da ma'auni irin na mai karatun Japan, ko ma wanda ya fi shi tsanani. An yi zaton zane mai motsi zai magance matsalar tun da shi ma layi ne da tawada, amma jerin Junji Ito Collection na 2018 ya sha suka kan raunin zanensa. Uzumaki na tashar Adult Swim, wanda aka sanar a 2019 aka yi ta ɗagawa har zuwa watan Satumban 2024, an yi shi ne da baƙi da fari domin ya yi kama da shafin littafin. Kashi na farko cikin huɗu ya sha yabo sosai, amma ingancin zanen ya faɗi ƙasa warwas a kashi na biyu, kuma masu kallo suka cika intanet da hotunan kwatanci suna nuna ɓacin ransu.

A cikin Japan kanta, finafinan da suka fi samun sauƙi wurin masu kallo su ne waɗanda ƙarfin littafinsu yake cikin dabara ko halayen mutane fiye da hoto guda mai firgitarwa. Death Note na 2006, wanda Shusuke Kaneko ya ba da umarni, ya yi kasuwa sosai domin wasan ƙwaƙwalwa ne tsakanin matasa biyu kan littafin da ke kashe duk wanda aka rubuta sunansa a ciki, kuma irin wannan labari ba ya rasa komai idan ya bar takarda. Sake yin sa da Netflix ta yi a 2017, inda ta mayar da labarin birnin Seattle na Amurka, shi ne ya fusata masoyansa. A 2024 Koji Shiraishi ya ɗauki Sayuri na Rensuke Oshikiri, labarin iyalin da suka tare a gidan da suka daɗe suna mafarki, fatalwar wata yarinya ta riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya har saura jika da kakarsa mai ciwon mantuwa. A tsakiyar fim ɗin hankalin tsohuwar ya dawo, ta tilasta wa yaron ya ci abinci ya ƙoshi, ya motsa jiki, ya share gida, ya yi dariya da ƙarfi, domin a wurinta ƙarfin mai rai ne kaɗai zai iya karya mamaci, kuma wannan kaka ita ce abin da masu kallo suka fi fita daga silima suna magana a kai.