Idan alƙali ya ce a je a sasanta: tambayoyi kan sulhun dole kafin raba aure

Mutum ya shigar da ƙarar raba aure, ya tanadi shaidu, sai alƙali ya ɗage zama ya ce a je a nemi sulhu tukuna. Da yawa kan fito ransu a ɓace, suna ganin an shashantar da su.

Shin kotu na iya tilasta wa miji da mata su ci gaba da zama tare?

Abin da umarnin sulhu ke tilastawa shi ne halartar zaman, ko jiran wani wa'adi. Yarda da komawa kuwa tana hannun ma'auratan. Idan zaman ya watse ba a daidaita ba, shari'a ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Daga ina tsarin ya samo tushe?

A shari'ar Musulunci, aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce idan aka ji tsoron ɓaraka, a tashi mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Malamai sun saɓa kan iyakar ikonsu. Malikiyya na ganin idan gyara ya faskara, su biyun suna iya raba auren ko da miji bai so ba. Hanafiyya kuma na ɗaukarsu wakilai ne kawai, ba sa rabawa sai an ba su izini. Wannan saɓani ba ƙarami ba ne, don shi ke nuna ko matar da aka ƙuntata wa tana da mafita a ƙarshen zaman.

Dokokin zamani ma sun ɗauki tsarin. A Indiya, dokar kotunan iyali ta 1984 ta ɗora wa alƙali nauyin fara neman sasantawa. A Najeriya, sashe na 11 na dokar 1970 mai kula da auren rajista ya ba alƙali damar ɗage shari'a, ya gana da ma'auratan da kansa idan sun yarda, ko ya naɗa wani ya shiga tsakani.

Har tsawon wane lokaci za a jira?

Nan ake gane dokar da aka tsara da hankali. A waccan dokar ta Najeriya, da zarar kwana 14 sun cika, ko wanne daga cikinsu na iya neman a koma shari'a, kuma dole a koma. A Masar, dokar 2000 da ta ba mace damar neman khul'i a kotu ta ba masu sulhu wata uku. A Maroko, dokar iyali ta 2004 ta ce ƙarar rabuwa saboda saɓani kada ta wuce wata shida, kuma idan akwai 'ya'ya a gwada sulhu sau biyu da tazarar aƙalla kwana 30. Sulhun da ba shi da wa'adi, a ganina, makami ne a hannun wanda ba ya son a gama: yau ba shi da lafiya, gobe ya yi tafiya, ita kuwa tana nan a rataye, ba aure ba saki.

Abin da na faɗa a wurin sulhu, za a kafa mini hujja da shi?

A dokoki da dama, a'a. Ta Najeriya ta hana a karɓi irin wannan magana a matsayin shaida, kuma alƙalin da ya yi sulhun da kansa ba ya ci gaba da sauraron ƙarar sai ma'auratan sun nemi haka. In ba don wannan kariya ba, wa zai buɗe baki ya ce shi ne da laifi? Duk da haka, tambayi lauyanka kafin ka zauna.

Idan akwai duka ko barazana fa?

Sulhu yana buƙatar mutum biyu da kowa zai iya cewa a'a ba tare da tsoro ba. Matar da aka zaunar gaban wanda ya fasa mata baki, yana harararta ta gefen ido, masu sulhu kuma suna ta "ki yi haƙuri, zo mu zauna zo mu saɓa", za ta gyaɗa kai ne don a tashi. A rubuta an sasanta, alhali tsoro ne ya amsa. Shi ya sa Yarjejeniyar Istanbul ta 2011 kan yaƙi da cin zarafin mata, a sashe na 48, ta nemi ƙasashen da suka shige ta su hana sulhun dole inda aka ci zarafi. A Ingila ma, inda tun 2014 ake buƙatar halartar zaman bayani kan sasanci kafin kai ƙarar 'ya'ya ko dukiya, an ɗauke wa wanda ke da shaidar cin zarafi. Mai irin wannan hali ya gaya wa kotu tun ranar farko, ya kawo takardar asibiti ko rahoton 'yan sanda idan akwai.

To idan auren ya riga ya mutu, me zaman zai amfana?

Sau da yawa wanda ya kai ƙara ya daɗe da yanke shawara. Amma akwai sauran magana: wa zai riƙe yara, ranar da ɗayan zai gan su, kuɗin makaranta, ciyarwa, rabon kaya. Abin da suka amince a kai da bakinsu, alƙali na iya mayar da shi hukunci, kuma wanda ya saɓa masa daga baya ana iya komawa da shi kotu.