Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Maharban Amurka Ke Rage Ƙarar Baka Mai Wili

Wane irin baka ne wannan, kuma me ya bambanta shi da wanda muka sani?

Baka ne mai wili a kowane ƙarshe, tsarkiya da wasu igiyoyi na zagaye su. Wani Ba'amurke mazaunin jihar Mizuri, Holless Wilbur Allen, shi ya ƙirƙiro shi, ya nemi rajistar mallakar fasahar a 1966, aka ba shi a 1969. Amfanin wilin shi ne idan maharbi ya ja tsarkiya har ƙarshe, mafi yawan nauyin sai ya sauka daga hannunsa, ya iya riƙe ta ya daɗe yana auna dabba. Da shi mafi yawan masu farauta da baka a Amurka suke bin barewar nan tasu mai farar wutsiya idan kaka ta kama, musamman daga Satumba zuwa Nuwamba. Sai dai baka ne mai tarkace: noti-noti, abin saiti, mazaunin kibiya, kwari a maƙale a gefe. Kowanne kuwa yana da muryarsa.

Kibiya mai tsananin gudu, ina ruwanta da ƙara?

Nan ne gizo ke saƙar. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Kibiyar farauta daga baka mai kyau tana yin mita 80 zuwa 90. Wato ƙarar tsarkiya ta ninka kibiya gudu kusan sau huɗu. A ce barewa tana tazarar mita 18, wadda ita ce yadi 20 da maharban can suka fi so: ƙara za ta isa kunnenta cikin kusan kashi 5 cikin 100 na daƙiƙa, kibiya kuwa sai ta ci sama da kashi 20. Ratar da ke tsakani ta ishi barewa motsawa.

Abin da take yi ma ba tsalle ba ne, kodayake a bakin maharba cewa ake yi ta tsallake tsarkiya. Durƙusawa take yi don ta tara ƙarfi a ƙafafu ta zabura. Sai kibiyar da aka auna wa huhu ta bi ta saman gadon bayanta, ko kuma, abin da ya fi muni, ta same ta a wurin da ba ya kisa da wuri, ta shige daji da rauni. Idan tazarar ta kai mita 27 ko fiye, ratar ta ƙara faɗi ke nan.

To ana iya sa bakan ya yi shiru gaba ɗaya?

Ba a iyawa. Abin da ake nema shi ne a mayar da ƙarar daga "ƙas!" mai kaifi irin na ƙarfe zuwa "dum" mai taushi, wanda dabba za ta iya ɗauka reshe ne ya faɗo.

Daga ina ake farawa?

Daga abin da ba ya cin kuɗi. A bi kowane noti a ɗaure, na abin saiti, na mazaunin kibiya, na kwari. A riƙe bakan a riƙa bubbuga shi da tafin hannu ana kasa kunne; duk inda aka ji kacau-kacau, can matsalar take. Notin da ke yawan kwancewa a ɗiga masa Loctite, wani gam mai riƙe noti, amma shuɗi, ban da ja, domin ja sai an gasa shi da wuta yake kwantuwa. Kwari shi ne babban mai laifi: idan robar da ke riƙe kibau ta saki, suna kaɗawa ne a kowane harbi. Shi ya sa da yawa suke cire shi su rataye a reshe da zarar sun hau mazauninsu a kan bishiya. A kuma shafa wa tsarkiya kaki, a kai wa mai gyara ya duba ko wilin biyu suna juyawa tare.

An ce kibiya mai nauyi ta fi shiru. Yaya haka?

A ganina wannan ya fi duk wani kayan da za a saya tasiri. Ƙarfin da aka tara a baka lokacin ja dole ya fita. Abin da kibiya ta ɗauka ya tafi da ita, wanda ya rage kuma ya koma karkarwa da ƙara a jikin bakan. Kibiya mai nauyi tana kwasar kaso mafi yawa. Ana auna kibau da giren, wani ɗan ƙaramin ma'aunin nauyi, kuma ƙa'idar masu ƙera baka ita ce kada a gaza giren 5 ga kowace laba ta nauyin ja. Baka mai laba 70 ke nan mafi ƙarancin kibiyarsa giren 350, kusan giram 23. Wanda ya koma giren 450 ko 500 zai ji bambancin da kunnensa. Gudu zai ragu, kibiya ta riƙa sunkuyawa da wuri, sai an sake saiti. Amma tana ƙara nutsewa a jikin dabba.

Wannan ne kuma dalilin da ya sa ba a sakin tsarkiya babu kibiya. Ƙarfin gaba ɗaya jikin bakan yake komawa, yana iya tsinka tsarkiya ko ya tsaga hannun bakan, wato ɓangaren da ke lanƙwasawa, a fuskar mai shi.

Kayan roban da ake liƙawa fa, suna aiki?

Suna yi, gwargwado. Akwai zaren roba da ake ɗaurawa a tsarkiya, mai kama da gashin bakin kyanwa. Mutanen zamanin da kuwa da ulu ko fatar dabba mai gashi suke yi. Akwai sandar da ke tare tsarkiya da kan roba bayan harbi, wadda yawancin sababbin bakuna da ita suke zuwa. Akwai ƙullin roba na hannuwan baka, irin wanda ake sayarwa da sunan LimbSaver, da sandar daidaito da ake ɗaurawa a gaba. Duk abin da aka ɗora wa tsarkiya yana ɗan rage gudu, roba kuma tana tsufa ta tsattsage, sai an sauya.

Ƙarar da ake yi kafin harbi fa?

Ita ce aka fi mantawa, alhali ta fi korar nama. Kibiya ta goga a mazauninta lokacin ja, ko ta faɗo ta bugi ƙarfen mariƙi, shi ke nan barewa ta ɗaga kai. Maganinta ƙyalle mai laushi mai gam a baya, a liƙa duk inda kibiya za ta iya taɓawa. Rigar leda mai ƙwaram-ƙwaram a bar ta a gida, a sa ta ulu. Sanyin Nuwamba kuma yana fito da ƙarar da ba a ji lokacin zafi, don haka gwaji da asuba ake yi, cikin kayan da za a fita da su.

Idan an yi duk wannan, barewa za ta tsaya?

Wadda ke kiwo hankali kwance takan tsaya. Wadda ta riga ta tsargu, kunnuwa a miƙe, tana buga ƙafa a ƙasa, za ta durƙusa ko da wane baka aka harbe ta. Ƙwararru sukan auna ƙasa kaɗan, wajen zuciya, ta yadda in ta sunkuya kibiya ta sami huhu. In kuwa ta yi nisa kuma a tsorace take, sai su sassauta tsarkiya a hankali su jira wata.