Ƙarin magani bayan tiyatar zuciyar yaro ba alamar aikin ya ɓaci ba ne

Iyaye da dama na ɗauka cewa da zarar an ɗinke ƙirjin yaro, zuciyarsa za ta kama aiki garau. Shi ya sa idan suka ga ƙananan injina suna tura magani ta siririyar roba zuwa jijiyar wuyansa, sai hankalinsu ya tashi, su ce ai tiyatar ba ta yi ba.

Zuciyar da aka tsayar lokacin tiyata, aka bar inji yana zagaya da jini a madadinta, a gajiye take dawowa. Ƙarfinta yakan ragu sosai tsakanin awa 6 zuwa 18 bayan aikin, matsin jini ya yi ƙasa. Likitoci sun san da haka, suna tallafa mata da magungunan ƙara ƙarfin bugun zuciya irin su adirinalin ko milrinon.

Sinadaran homon, waɗanda jiki ke fitarwa don daidaita ayyukansa, su ma sukan rikice. Na maƙogwaro da ake kira T3 yakan faɗi a kwana biyun farko, musamman ga jarirai, kuma yawanci da kansa yake farfaɗowa. Wani yaron kuma jikinsa ba ya fitar da isasshen kotisol ko basofiresin, homon da ke taimakawa wajen riƙe matsin jini, sai jijiyoyin jininsa su saki, matsin jinin ya ƙi ɗagawa har sai an ƙara masa su. A hankali ake janye magungunan, galibi cikin 'yan kwanaki.