Fim ɗin yarinyar da ta ƙone makarantarsu: tambayoyin da iyaye ke yi a Damagaram

Fina-finan ban tsoro suna yawo a wayoyin yaranmu daga Birni har Sabon Gari, wannan ya tura wa wancan ana shan shayi a fada. Cikinsu akwai labari guda da ake ta juyawa: matashiyar da aka wulaƙanta, ta samu wani ƙarfi da ya fi na mutane, ta rama. Wanda ya fi shahara a irin wannan shi ne Carrie.

Daga ina labarin ya fito?

Daga Amurka. Littafi ne na Stephen King, na farko da aka buga masa, a 1974. Brian De Palma ya mayar da shi fim a 1976, Sissy Spacek ta fito a yarinyar, Piper Laurie a uwarta, kuma su biyun sun shiga jerin masu takarar kyautar Oscar. An sake yin sa a 2002 da 2013.

Me aka yi mata har ta kai ga haka?

Carrie ƴar sakandare ce, marar ƙawa, kanta kullum a sunkuye. Jinin al'ada ya fara zo mata tana wanka a makaranta bayan wasan motsa jiki. Uwarta ba ta taɓa ce mata uffan a kan haila ba, don haka ta ɗauka mutuwa za ta yi. Ta fito tana kuka, hannu duk jini, tana neman taimako. Ƴan ajinsu suka kewaye ta suna dariya, suna jifarta da audugar mata. Da ta koma gida, uwar ta ce ai zunubi ne ya jawo, ta kulle ta a wani ɗan lungu ta yi addu'a.

Daga baya, a bikin ƙarshen shekara, aka shirya maguɗi aka zaɓe ta sarauniyar biki. Tana tsaye kan dandamali, karon farko a rayuwarta ana yi mata tafi, sai aka sheƙa mata bokitin jinin alade daga sama. Daga nan ta rufe ƙofofin zauren da ƙarfin nan nata, wuta ta cinye wurin da mutanen ciki. A ganina nan ne tsoron fim ɗin yake, tun kafin wuta ta tashi.

Iska ce ta shige ta?

A'a. Tambayar tana da dalili a wurinmu, domin a makarantun Nijar an sha ganin ƴan mata suna faɗuwa a aji a ce aljanu ne. Amma labarin nan babu aljani, babu boka. Tana motsa abu da tunaninta ba tare da ta taɓa ba: ƙwan lantarki ya fashe, ƙofa ta rufe kanta. Littafin ya ce gado ne a jini. Uwar ce kaɗai ta kira shi aikin Shaiɗan. Ƙagaggen abu ne, kimiyya ba ta tabbatar wani ɗan Adam yana da wannan ƙarfi ba.

To ba su suka ja ba?

Mai kallo zai ji haka a ransa, ba musu. An ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma da gangan aka tsara fim ɗin don ka ji sanyi lokacin da ta rufe ƙofofin zauren. Amma a duba wa ya mutu. A fim ɗin 1976 malamar da ta tsaya mata, ta hukunta masu tsokanarta, ba ta fita da rai ba. Saurayin da ya raka ta bikin, wanda bai san da makircin ba, bokitin ya faɗo masa a ka, wutar ta same shi a kwance. Ɗaliban da ba su ji ba su gani ba sun ƙone tare da masu laifin. Ita kanta ta koma gida, uwarta ta soke ta da wuƙa, ta kashe uwar, gidan ya rufta da su.

A bar yaro ya kalla?

Ƙaramin yaro kam a'a. Akwai jini, akwai tsiraici tun farkon fim ɗin, kuma ko a Amurka wanda bai kai shekara 17 ba sai da babba ake barinsa shiga silima ya gan shi. Idan kuwa kin tarar ƴarki ta riga ta kalla, Hajiya, ƙwace wayar ba zai goge abin da ta gani ba. Ki zaunar da ita ki tambaye ta: a lakwal ɗinku wace ce ake yi wa dariya? Ke kina cikin masu yi, ko ke ake yi wa? Kuma in har ba ki yi mata bayanin al'ada ba, ki yi yau, ko ki sa gwaggonta ko yayarta ta yi, kafin abin ya same ta a tsakiyar aji.

Me ya bambanta na 2013?

Waya. A cikinsa wata ɗaliba ta ɗauki bidiyon Carrie tana kuka a wurin wankan, ta ɗora a intanet, aka kuma haska shi gaban jama'a a daren bikin. Wannan ɓangaren ba ya buƙatar wani ƙarfin gaibu. Duk ajin da ke da rukunin WhatsApp a garin nan zai iya yi wa yarinya haka kafin a tashi daga makaranta.