Gidajen cin abinci a arewacin Kamaru

Gidajen cin abinci a arewacin Kamaru su ne wuraren da ake sayar da dafaffen abinci ko gasasshe a yankuna uku na ƙasar, wato Adamawa mai hedikwata a Ngaundere, da Arewa mai hedikwata a Garwa, da Arewa Mai Nisa mai hedikwata a Marwa. Sun haɗa da tukubar masu tsire, da teburin masu shayi, da rumfunan tuwo, da masu gasa kifi da dare, da kuma gidajen abinci na zamani da ake zama a ci, da ake samu a otal-otal da manyan tituna. Manyan kamfanonin abinci na duniya masu rassa, irin su McDonald's da KFC, ba su kafu a yankin ba. Duk da haka matafiyin da ya taso daga Ngaundere har Kuseri da ke bakin iyakar Cadi zai tarar da kusan abinci iri ɗaya, da yanka iri ɗaya, da yaji iri ɗaya a kowane zango, domin sana'ar tana yaɗuwa ne daga maigida zuwa yaronsa.

Tarihi

Sayar da abinci ga baƙo ya girmi zuwan Turawa a wannan yanki. Bayan jihadin da Modibbo Adama ya jagoranta tun daga wajajen 1809, Fulani sun kafa garuruwan sarauta a ƙasar da ake kira Fombina. Ana kyautata zaton an kafa masarautar Ngaundere a wajajen 1835. Fatake Hausawa da Barebari suka biyo baya da tufafi da kanwa da kayan fata, suna komawa da hauren giwa da goro, kuma a wancan zamani har da bayi. Duk inda ayari ya saba sauka sai zango ya tsiro. A zango akwai maigida mai sauke baƙi, wanda ke ba su masauki, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillalai, iyalinsa kuma su dafa musu abinci. A gefen zangon ne mata ke tallar fura da waina da ƙosai, mahauta kuma su kafa tukuba.

Fawa na daga cikin sana'o'in da Hausawa suka yi kaka-gida a kansu tun wancan lokaci. A fadojin lamiɓe, wato sarakunan Fulani, da yawa akwai sarautun da sunayensu na Hausa ne, ciki har da Sarkin Pawa, wanda ke kula da mahauta da yankan kasuwa. Daga hannun waɗannan mahauta ne tsire da balangu da kilishi suka bazu, har suka kai kudancin ƙasar, inda ake kiran gasasshen naman da sunan soya. Unguwar Briketeri ta Yawunde, wadda Hausawa suka daɗe a cikinta, ta yi suna da wannan sana'a har yau.

Akwai kuma hanyar aikin hajji ta ƙasa. Kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, maniyyata daga ƙasar Hausa kan ratsa Borno ko arewacin Kamaru su tsallaka zuwa Fort-Lamy, garin da Faransawa suka kafa a 1900 wanda aka sauya wa suna zuwa Njamena a 1973, daga nan su nufi Abeshe da Sudan. Tafiyar kan ɗauki shekaru, kuma da yawa daga cikinsu kan tsaya a hanya su yi sana'a don neman guzuri. Wasu ba su taɓa ƙarasawa ba, wasu kuma a kan hanyar dawowa suka yada zango. Unguwannin Hausawa da dama a Cadi daga nan suka samo asali, kuma suyar nama da sayar da shayi na cikin sana'o'in da baƙo ke iya farawa da ɗan jari.

Jamusawa sun ci Ngaundere da Garwa a 1901, Marwa kuma a 1902, sannan Faransawa suka karɓi ƙasar a lokacin yaƙin duniya na farko. Babban abin da Faransawa suka bar wa teburin talaka shi ne dogon burodinsu, wanda ya zama abokin shayi da ƙwai da wake. Sauyi mafi girma ya zo ne a 1974, lokacin da layin dogo daga Yawunde ya iso Ngaundere. Garin ya zama inda ake sauke kaya daga jirgi a ɗora wa manyan motoci masu zuwa Garwa da Marwa da Cadi. Direbobi da yaran mota da 'yan dako kan yi kwanaki suna jiran lodi, kuma dole su ci. Kewayen tashar ya cika da rumfunan abinci, ma'aikata 'yan kudu kuma suka zo da nasu cimar, irin su ndole, wato miyar shuwaka da gyaɗa, da soyayyar ayaba da sandar rogo.

Matsin tattalin arziƙin da ya fara a tsakiyar shekarun 1980, da zaftare albashin ma'aikatan gwamnati a 1993, da karya darajar kuɗin sefa da rabi a Janairun 1994, sun tura mata da yawa zuwa sana'ar abinci. Da wancan lokaci ne aka fi danganta yawaitar rumfunan da ake kira tourne-dos, inda masu ci ke zama a kan benci suna fuskantar tukwane, bayansu na kallon titi.

Masu tsire da balangu

Mai tsire shi ne ainihin mai abincin gaggawa na yankin. Da la'asar yake hura wuta. Ana yanka naman falle-falle, a tsire shi a tsinke, a birkiɗa shi a cikin garin ƙuli-ƙuli da aka haɗa da barkono da citta da gishiri, a kafa tsinkunan kewaye da tukuba, ana yayyafa man gyaɗa ana juyawa. Balangu kuwa a kan waya ake gasa shi da manyan yanka, wani lokaci a lulluɓe shi da takarda don ya turara ya yi laushi. Ba a rubuta farashi. Mai saye kan ce, "Malam, yanko mini na ɗari biyar," mai nama ya miƙo masa ɗanɗano a bakin wuƙa, ya tambaye shi, "Alhaji, da kitse ko zalla?" Sai ya daddatsa a kan katako, ya zuba albasa da yaji a gefe, ya naɗe a takarda. Idan mai sayen na gida ne, akwai gyara.

Naman sa ya fi yawa a Adamawa, ƙasar shanun gudali. Daga Garwa zuwa arewa naman rago da na akuya na ƙara yawa. Kasuwannin shanu irin na Adumri kusa da Garwa da na Bogo kusa da Marwa su ke ciyar da mahautan birane, kuma ranar kasuwa su kansu kan cika da masu gashi.

Yadda ake koyon sana'ar ne ya sa tsiren garuruwan ya yi kama da juna. Yaro kan fara da wankin tire da ɗebo itace da yankan albasa, daga baya a ba shi tsinke, can a ƙarshe a ba shi wuƙa. Idan ya ƙware, maigidansa kan ba shi nama bashi ya je ya kafa tasa tukubar a wata unguwa ko wani gari, ya riƙa biya bayan ya sayar. Haɗin yajin da ya koya shi zai ci gaba da yi. Ta haka maigida ɗaya kan iya samun tukuba da dama da ke ƙarƙashin inuwarsa, ba tare da takarda ko tambari ba, kuma masu saye kan san cewa wane yaron wane ne.

Kilishi

Ngaundere ta fi shahara da shi. Ana shanya naman da aka yanka da faɗi kamar takarda, a tsoma shi a cikin kwaɓin tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, sannan a ɗan nuna masa wuta. Yana daɗewa bai lalace ba, shi ya sa ya zama tsarabar fasinjojin jirgin dare mai zuwa Yawunde.

Masu shayi

Teburin mai shayi kan buɗe bayan asuba, ya sake buɗewa bayan magariba. A kansa akwai gwangwanayen madara da Nescafé da Ovaltine da mayonis, da kiret ɗin ƙwai, da burodi a cikin leda. Abin da aka fi nema shi ne wainar ƙwai da albasa da tumatir, wadda a Kamaru akan haɗa ta da dafaffiyar taliya a soya tare a cusa a cikin burodi. Ɗalibai sun riƙe wannan ciniki sosai a Dang, inda jami'ar Ngaundere take, da kuma Marwa tun bayan buɗe jami'arta a 2008. Da safe kuma akwai mata masu fanke da wake da kunu, abincin da kusan duk ƙasar ta yi tarayya a kansa.

Gidajen tuwo da kifi

A rumfar uwar tuwo ake samun abincin da ya fi kusa da na gida: tuwon masara ko na dawa ko na shinkafa, da miyar yakuwa, ko tafasa, ko kuka, ko kuɓewa, ko lalo, sau da yawa da gyaɗa a ciki. A Arewa Mai Nisa tuwon masakwa, dawar da ake dasawa a ƙasar laka bayan damina, yana da masoya. Ciniki a nan da Fulatanci aka fi yi, ko da mai abincin Bahaushiya ce, domin shi ne harshen kasuwa a yankunan uku.

Garwa garin kifi ne. Kogin Binuwai ya ratsa ta, kuma madatsar Lagdo da aka kammala a 1982 da taimakon ƙasar Sin ta samar da babban tafki da ke ba da karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa. Da dare mata kan gasa karfasa a kan gawayi, a shafe ta da niƙaƙƙen kayan ƙamshi, a ci da barkono da soyayyar ayaba. Unguwar Yelwa a Garwa da Domayo a Marwa sun yi suna da irin wannan hira ta dare. Da yake yawancin wuraren na jikin mashaya ne, Musulmi da dama kan saya su tafi da shi gida. Marwa na samun nata kifin daga tafkin Maga da kogin Logon.

Kamfanoni masu rassa

Tsarin gidan abinci mai rassa da tambari ɗaya a Amurka ya bunƙasa. White Castle ya fara a 1921, 'yan'uwan McDonald suka tsara dafa abinci cikin sauri a 1948, KFC kuma ya ba da izinin buɗe reshe na farko da sunansa a 1952. A Afirka, McDonald's ya shiga Maroko a 1992, Masar a 1994, Afirka ta Kudu a 1995. KFC ya fi shi yaɗuwa a nahiyar, ya buɗe a Legas a 2009. Najeriya na da nata na gida, irin su Mr Bigg's da ya fara a 1986 da Chicken Republic da ya biyo baya a 2004, kuma 'yan kasuwar arewacin Kamaru masu zuwa Kano da Abuja sun san su.

A Kamaru kuwa, ɗan abin da ake da shi na wannan tsari a Duwala da Yawunde yake, galibi a cikin manyan kantuna. Akwai Tchop et Yamo, wani kamfani na gida da ya fara a Yawunde a farkon shekarun 2010, wanda ya ɗauki fanke da wake da kunu ya sa su a tsarin zamani. A arewa akwai shaguna da yawa da ke rubuta fast-food a allonsu, suna sayar da shawarma da hamboga da soyayyen dankali da kaza, amma kusan dukkansu na mutum ɗaya ne mai shago ɗaya ko biyu.

Dalilin farko shi ne aljihu. Binciken gidaje na ƙasa na 2014 ya nuna kusan kashi 74 cikin ɗari na mutanen Arewa Mai Nisa na cikin talauci, a Arewa kusan kashi 68, alhali na ƙasa baki ɗaya bai kai kashi 38 ba. Mai tsire na iya yanka wa mutum daidai kuɗinsa, kamfani mai ƙayyadadden farashi ba ya iyawa. Na biyu shi ne nisa da sanyaya kaya. Kamfani irin wannan na buƙatar kaji masu girma ɗaya a daskare kullum, ga shi Kamaru ta taƙaita shigo da daskararrun kaji tun tsakiyar shekarun 2000, manyan gonakin kaji kuma a yamma da kudu suke. Wutar lantarkin arewa ta daɗe tana dogara da Lagdo, wadda ke raguwa idan ruwa ya ja baya. Na uku kuma ɗanɗano ne: mutanen yankin sun fi son kazar gida da naman da aka yanka a ranar, a hannun mahaucin da suka sani.

Abin da ya fi kusa da rassa a zahiri shi ne tashoshin kamfanonin safa irin su Touristique Express da Danay Express, inda kowace tasha ke da masu abincinta, da kuma garuruwan da motoci ke tsayawa sallah da cin abinci a kan babbar hanya, kamar Mbe da Ngong da Figil.

Ƙetaren Logon

Gadar Ngeli ce ta haɗa Kuseri da Njamena, kuma abincin garuruwan biyu ya cuɗanya. A ɓangaren Cadi tasirin Larabawa da Sudan ya fi bayyana: akwai kisar, wani siririn burodi mai tsami da ake ci da miya, da gasasshen naman raƙumi, da jan shayi mai sukari da yawa, da shagunan da ke markaɗa mangwaro ko gwaba da madara da ƙanƙara. Gidajen abinci na Faransawa da Labanawa da Sinawa sun fi yawa a tsakiyar Njamena, musamman kewayen titin Charles de Gaulle.

Tsaro da tsafta

Hare-haren Boko Haram, musamman na ƙunar baƙin wake da aka kai Marwa a Yulin 2015, sun sa an taƙaita zirga-zirgar dare na wani lokaci, cinikin masu gashi ya ja baya. Gasar cin kofin Afirka da aka buga wasu wasanninta a Garwa a farkon 2022 ta kawo sababbin otal-otal da gidajen abinci a garin. Duba tsafta aikin ƙananan hukumomi ne, kuma akan tsananta shi lokacin ɓarkewar kwalara, kamar ta 2010. An hana amfani da leda marar ruɓewa tun 2014, amma har yanzu ana zuba abinci a cikinta.

Oda da biya

A manyan garuruwa wasu masu abinci na karɓar oda ta WhatsApp, ɗan acaɓa ya kai, a biya ta Orange Money ko MTN Mobile Money. A tukuba da rumfar tuwo kuwa kuɗi hannu aka fi amfani da shi, kuma ƙarancin canji kan sa a cike wa mai saye da ƙarin nama.