Allo ya ƙi aiki, wa za a kama? Amsa ga masu haɗa na'ura da Arduino a Damagaram

Tun da na fara karɓar yara a shagona suna koyon haɗa ƴan na'urori, na kunna famfon garka, na fitilar sola, na ƙyanƙyasar ƙwai, da ɗan allon lantarkin nan da ake kira Arduino, tambayoyin nan ba su canza ba, fuskokin masu yinsu ne kawai ke canzawa. Ɗalibin jami'a ya zo da su, mai gyaran waya na Kasuwar Dole ya zo da su, wani ya kira ni da tsakar dare daga Mirya ya maimaita su. Bakina ya gaji. Ga su nan a rubuce, duk wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Malam, kwamfutata ba ta ganin allon da na saya.

Duba ɗan guntun da ke kusa da bakin USB. In an rubuta CH340 a jikinsa, direbansa za ka sa, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi. In ka sa bai gani ba, canza igiya, don igiyoyi da yawa na caji ne kawai, ba sa ɗaukar bayani. Kada ka ƙara ce mini allo ya mutu kafin ka yi waɗannan biyun.

To wannan allon na Sin, ba jabu ba ne?

A'a. Waɗanda suka ƙirƙiro Arduino a garin Ivrea na Italiya a 2005, su Massimo Banzi, da gangan suka saki zanen allon a fili don kowa ya ƙera, ya gyara, ya sayar. Abin da ake nufi da buɗaɗɗiyar na'ura ke nan. Sunan da tambarin kawai suka riƙe. Wanda ya buga sunansu a kan allon da ba nasu ba, shi ya yi jabu.

Tunda manhajar kyauta ce, ashe ba ta da inganci?

Zancen araha ba ta ado ku bar shi a wurin masu atamfa. Marlin, manhajar da ke tuƙa ɗimbin injinan nan masu narka roba su ƙera abu, tun 2011 ƴan sa-kai ke riƙe da ita, kamfanoni kuma suna zuba ta a injinan da suke sayarwa. KiCad da muke zana allo da shi, wani malami Bafaranshe mai suna Jean-Pierre Charras ya fara shi a 1992, daga baya cibiyar bincike ta CERN ta sa hannu. Waɗannan ba wasan yara ba ne.

Amma abin da ku kuke saukewa yau da gobe ba Marlin ba ne. Ɗan laburare ne, wato shiryayyen guntun manhaja da kake haɗawa da taka, na wani ma'aunin zafi ko ɗan gilashin nuna lamba, wanda mutum ɗaya ya rubuta don biyan buƙatar kansa, ya gwada a kan allo ɗaya cikin ɗaki mai sanyi, ya ga ya yi, ya sakar wa duniya. Zana allo da ganin fitila ta kama karon farko akwai daɗi, kowa na son wannan. Rubuta bayani, amsa tambayar da aka riga aka yi sau ɗari, da bin sawun matsalar da ba ta fitowa sai sau ɗaya a wata, wannan raino ne, masu haihuwa kuwa sun fi masu raino yawa. Shi ya sa za ka ga allo mai kyau, manhajarsa rabi da rabi.

Kafin ka ɗauki laburare, ka leƙa gidansa a GitHub, shafin intanet da masu manhaja ke ajiye aikinsu. Yaushe rabon da a taɓa shi? Ƙorafi nawa ke jibge ba amsa? Mutum ɗaya ne ke riƙe da shi ko da yawa? Minti biyar ya ishe ka.

Na aika wa mai laburaren tambaya, wata biyu shiru. Wannan ba raini ba ne?

Nawa ka biya shi? Ba ya cin albashinka, ƙanena, wataƙila ma ba ya cin na kowa a kan wannan aikin. Da rana yana wurin neman abincinsa, da dare in yara sun yi barci ya zauna ya duba saƙonni. Buɗe takardar lasisin da ke tare da manhajar, ko MIT ce ko GPL, za ka ga an rubuta da manyan baƙaƙe cewa an ba ka ita yadda take, ba garanti ko kaɗan. Ka yarda da haka tun ranar da ka sauke ta, ko ba ka karanta ba.

Wannan matsin da kuke wa mutane ma yana da haɗari. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya gano ɓoyayyiyar ƙofar kutse da aka dasa cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowace kwamfuta mai Linux ke amfani da ita. Mutum ɗaya, Lasse Collin, ya yi shekaru yana ɗawainiya da ita. Aka yi ta damunsa da saƙonni cewa ya cika jinkiri, ya gaji, ya raba ragamar da wani da ya daɗe yana nuna shi mai taimako ne, wannan ɗin kuwa shi ya dasa ƙofar. Duk sanda na ga ɗayanku ya rubuta wa ɗan sa-kai magana mai zafi, wannan labarin nake tunawa.

Da zarar zai aika saƙon SMS sai allon ya mutu ya tashi. Laburaren ne?

Wuta ce. SIM800L, guntun da ke aika saƙon, yana fizgar kusan ampa 2 lokacin da yake neman rezo, wato sabis ɗin waya, kuma tsakanin bolt 3.4 da 4.4 yake so. Ƙafar Arduino ba za ta iya ciyar da shi ba. Ba shi wutarsa daban, ka sa masa babbar kondansata kusa da ƙafafunsa. Yawancin abin da kuke kawo mini da sunan matsalar manhaja, maltimita ke warware shi.

Na haɗa wa wani Alhaji na'ura, tana aiki lafiya. Yanzu laburaren da na yi amfani da shi ya fito da sabuwar siga. In je in sabunta masa, ko in ƙyale?

Yauwa, wannan ita ce tambaya. Ba ni da amsa guda a kanta, kuma wanda ya ba ka amsa guda bai taɓa zama gaban mai kaya ranar da abu ya lalace ba.

Da farko dai, ka karanta abin da suka ce sun canza. Kusan kowane laburare mai tsari yana da ɗan jerin da ke faɗin abin da aka gyara a kowace siga. In sun ƙara wani allo ne da ba ka da shi, ko wata kwalliya, ni sai in ce bar na'urar Alhaji ta ci gaba da aikinta. Sabuntawa kan zo da nata rikicin. Waɗanda suka tashi daga ArduinoJson 5 zuwa 6 sun tarar tsohon kod ɗinsu ya ƙi haɗuwa sam. A 2024 da siga ta 3 ta manhajar Arduino ta allunan ESP32 ta fito, an cire wasu umarnin da ake sarrafa hasken fitila da gudun mota da su, laburare da yawa na ƴan sa-kai suka tsaya cik har sai da masu su suka sami sukunin binsu. Ka yi tunanin kana bakin garka, rana ta take, rezo na zuwa yana ɗaukewa, ka goge abin da ke aiki, sabon kuma ya ƙi shiga.

Amma kuma "tana aiki lafiya" ɗin nan, kwana nawa ka gani? Bari in ba ka abin da ya same ni. Na haɗa wa wata Hajiya na'urar ƙyanƙyasa mai aiki da batir da sola, ba ruwanta da ɗaukewar kuran, wato wutar lantarkin gari. Sashen da ke juya tiren ƙwai bayan ƴan sa'o'i, daga wani misali na kwafo shi, ban tsaya na karanta ba. Zubin farko, kwana 21, ƴan tsaki suka fito. Na biyu ma haka. Hajiya ta yi ta sa mini albarka, ta cika tire da ƙwai a zubi na uku. A kwana na takwas da dare motar ta kama juya tire ba tsayawa. Da safe na zo na tarar komai ya koma daidai, kamar ba a yi ba, amma ƙwai da yawa ba su fito ba. Na yi kwanaki ina zargin rele, ina zargin batir. Ashe agogon cikin allon ne. Umarnin millis yana ƙirga lokaci tun daga kunnawa, ma'ajinsa kuma na cika ne bayan kwana 49 da sa'o'i 17, sai ya koma sifili. Wanda ya rubuta misalin ya tara lokacin juyi na baya da tazarar jira, yana kwatanta jimlar da agogo. Dab da cikar ma'ajin sai jimlar ta zarce iyaka ta faɗo ƙasa, allon ya riƙa ganin kullum lokacin juyi ya yi. Da ya ɗebe lokacin baya daga na yanzu ya kwatanta da tazarar, da babu abin da zai faru. Layi ɗaya ne tak. Mai misalin bai yi mugunta ba, ban jin ya taɓa barin allonsa a kunne kwana hamsin. Mai amfani da kuran na gari ma da wuya ya ga wannan, don duk ɗaukewar wuta tana mayar masa da agogon farko. Ni na karɓi kuɗin Hajiya, don haka ni na biya ƙwan, kuma haka ya dace.

To irin wannan gyaran, in ka gan shi cikin jerin, wato allo na daskarewa, ko ƙwaƙwalwa na cikewa sannu a hankali, ko lissafi na kaucewa bayan wani lokaci, ka sabunta ko da Alhaji bai yi kuka ba tukuna. Allon Arduino Uno kilobayit 2 kacal gare shi na ƙwaƙwalwar aiki, ɗan yoyo kaɗan ya isa ya kayar da shi bayan makonni. Haka in na'urar tana hawa intanet kuma gyaran na tsaro ne, nan ma na fi karkata ga sabuntawa, ko da yake na san ba kowa ke da kuɗin kabu-kabu zuwa bayan gari don abin da mai kaya bai ga amfaninsa ba. Wannan sai ku daidaita tun ranar ciniki.

In ka yanke za ka yi, kada ka fara da na'urarsa. Haɗa irinta a shago, ka zuba sabuwar, ka bar ta a rana cikin akwati irin nasa. Kwana nawa? Ya danganta da abin da za a yi asara in ta tsaya. Fitilar zaure, kwana biyu ya isa. Famfon da albasar mutum ta dogara da shi a watan Afrilu, ko ƙwan zabi da ke ɗaukar kusan mako huɗu, ni ba na gaggawa, kuma ba na taɓa na'urar da ƙwai ke ciki sai an kwashe. Ka ajiye tsohon kod tare da ainihin sigar kowane laburare a kile biyu na USB, ka rubuta lambobin sigar a takarda ka manna cikin murfin akwatin. Mai laburare na iya share aikinsa gobe, ba wanda zai hana shi. Duk da wannan ba na ce maka ba za a sami matsala ba. Na ce dai in ta zo kana da hanyar komawa baya.

Ma'aunin zafi na DHT11 zai yi mini a na'urar ƙyanƙyasa?

A'a. Yana iya kaucewa da digiri 2, ƙwai kuwa wajen 37.5 suke so. Kuma iyakarsa digiri 50, akwatin ƙarfe a ranar bazarar Damagaram yana iya wuce haka. Nemi DS18B20 don zafi. Babu laburaren da zai gyara ma'auni maras kyau.

Ba na jin Ingilishi, da Faransanci na yi karatu. Yaya zan kai ƙorafi?

Kwantar da hankalinka, da yawa daga cikin masu rubuta manhajar nan su ma Ingilishi ba harshen gidansu ba ne. Ba nahawu suke dubawa ba. Faɗi sunan allonka, sigar laburaren, da abin da ka sa ran gani da abin da ka gani. Kwafo saƙon kuskuren gaba ɗayansa, kada ka ɗauki hoton gilashin kwamfuta da waya a karkace. Rage kod ɗinka zuwa ƴan layukan da ke nuna matsalar. Ka fara dubawa ko wani ya riga ka tambaya. Ka yi gaisuwa, ka yi godiya, kamar yadda za ka yi in ka shiga zauren mutum neman alfarma. "Ba ya aiki, a taimaka da gaggawa" ba ƙorafi ba ne, ni ma da nake kusa da ku ba na iya amsa shi.

In kuma ka gano maganin da kanka, don Allah koma ka rubuta shi a wurin. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne in tarar da mai matsala irin tawa ya rubuta "na gyara" ya tafi abinsa. Zafi da ƙurar da muke gwada kayan nan a cikinsu, yawancin masu rubuta su ba su da inda za su same su, don haka rahotonka na da daraja a wurinsu fiye da yadda kake zato.

Malam, za ka ba ni kod ɗin na'urar ƙyanƙyasar da ka gyara?

Zan ba ka. Zo shago bayan La'asar da kilenka. Amma sai ka zauna ka karanta mini shi layi-layi, ka nuna mini inda ake lissafin lokacin juyi, kafin ka fita da shi.