Tambayoyin da iyaye suke min kullum a ɗakin yara: nauyi, tafiya, haƙori, da yaron da ya faɗo daga gado

Ni nas ce, ɓangaren yara nake aiki, kuma tambayoyin nan na ƙasa wallahi na amsa su har bakina ya gaji. Ba wai tambayar ce ke damuna ba, a'a, abin da ke ci min rai shi ne uwa zata kwana tana kuka akan abin da ba komai bane, sannan abin da ya kamata ta taho da gudu akansa ta zauna sai bayan kwana uku. Toh ga su nan na rubuta, don Allah a karanta har ƙarshe.

Jaririna ya rage nauyi bayan haihuwa, nonona ne bai isa ba?

A'a. Kusan kowane jariri yana raguwa a kwanakin farko, wani har kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, kuma zuwa kwana 10 ko 14 ya koma yadda aka haife shi. Ki ci gaba da sa shi a nono. In daga kwana na 5 yana jiƙa kunzugu wajen sau 6 a yini toh yana samu. In sati biyu ya cika bai koma ba, ki kawo shi mu gani.

In ba shi ruwa?

Kafin wata 6, a'a. Nono shi kansa fiye da kashi 80 cikin 100 ruwa ne. Cikinsa ɗan ƙarami ne, in kika cika shi da ruwa ina nonon zai shiga?

Ɗan ƙawata sa'ansa ne amma ya fi nawa ƙiba, me zan ba shi?

Babu abin da zaki ba shi. Ki daina auna ɗanki da ido, ki daina auna shi da ɗan wata, sikeli aka yi don wannan aikin. A ƙa'ida yaro yana ninka nauyin haihuwarsa wajen wata 5 zuwa 6, ya ninka sau uku in ya shekara, tsawo kuma daga kusan santimita 50 ya kai wajen 75. Wanda aka haifa da kilo 2.6 da wanda aka haifa da kilo 4 ta yaya zasu zo daidai?

Layukan nan da kike gani a katin awo ba ado bane. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fitar da su a 2006 bayan ta bi yara a ƙasashe shida, Birazil, Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka, kuma abin da aka gani shi ne yaran da suka samu nono da kulawa girmansu kusan iri ɗaya ne ko ina suke. Mu abin da muke dubawa ba awon yau kaɗai bane, hanyar da ɗigon yake bi wata bayan wata muke kallo. Yaro siriri da layinsa ke hawa a hankali bai dame ni ba. Mai kumatun da layinsa ya kwanta wata biyu ko ya fara gangarowa, shi ne zan tsaya akansa. Shi yasa raina ke ɓaci in uwa ta zo ta ce ta manta katin a gida, haba baiwar Allah, kin zo min da rabin labari kenan.

Maɗigarsa tana motsi, lafiya?

Lafiya lau, bugun jini ne. Ta gaba tana rufewa tsakanin wata 12 da 18 galibi. In ta lotsa ciki yana gudawa ko amai, ruwan jikinsa ne ya yi ƙasa. In ta kumbura ta yi tauri alhali ba kuka yake ba, asibiti yanzu.

Wata 13 bai fara tafiya ba.

Ki kwantar da hankalinki. A wancan binciken na Hukumar Lafiya ta Duniya dai, yara lafiyayyu sun fara tafiya su kaɗai tun daga wata 8 har zuwa kusan wata 18, zama ba tare da an riƙe su ba kuma daga wata 4 zuwa 9, wasu ma sam basu yi rarrafe ba, daga zama sai miƙewa. In bakwaini ne ki cire watannin da bai cika a ciki ba kafin ki ƙirga, har ya kai shekara 2. Wanda zaki kawo shi ne wanda ya wuce wata 9 baya zama, ko ya kai wata 18 baya tafiya, ko hannu ɗaya da ƙafa ɗaya kawai yake aiki da su, ko in kin kira sunansa baya waigowa, wannan a fara da gwada kunnensa. Sai kuma babba a cikinsu, yaron da ya iya abu sannan ya daina, yana cewa mama ya bari, yana zama ya koma faɗuwa. Wannan ba a jira da shi ko na sati ɗaya, kuma kar wani ya ce miki ai ƙiwa ce.

In saya masa keken koyon tafiya?

Kar ki saya. Baya koya wa yaro tafiya, gudu kawai yake ba shi ya isa bakin matakala ko wajen ruwan zafi kafin ki juyo. Kanada ta hana sayar da shi tun 2004. Ki shimfiɗa masa abu a ƙasa ki bar shi.

Ya faɗo daga kan gado ya bugu a kai, in kai shi asibiti ko in bari?

Toh wannan ita ce wadda bana iya amsawa da eh ko a'a, kuma duk wanda ya amsa miki a waya da kalma ɗaya bai kyauta miki ba. Da farko ki daina zagin kanki, kusan kowace uwa da ta zo min da wannan maganar cewa take "ai bai iya juyi ba", kuma gaskiya ta faɗa, jiya bai iya ba, yau ya iya. Wajen wata 4 suke fara juyawa kuma babu yaron da ke sanarwa, sau da yawa ranar da ya fara ita ce ranar da ya faɗo.

Abu na farko da nake tambaya shekarunsa. In bai kai wata 3 ba ki kawo shi kawai ko da kin ga kamar babu abin da ya same shi, ƙashin kansu bai yi ƙwari ba kuma jariri baya nuna alama yadda babba ke nunawa. Ƙasa da shekara ɗaya ma ni na fi son a duba, musamman in akwai kumburi. Na biyu daga ina ya faɗo kuma akan me. Gado mai ƙasa-ƙasa zuwa kan kafet daban, daga hannun mutum yana tsaye zuwa kan siminti ko tayil daban, ga yaron da bai kai shekara 2 ba tsayin da ya kai kusan mita ɗaya muna ɗaukarsa da muhimmanci, haka gangarowa daga matakala. Na uku ina kumburin yake. Na goshi, duk da shi ya fi tayar da hankali don yana fitowa ƙato nan take, galibi shi ya fi sauƙi. Na gefen kai sama da kunne ko na ƙeya, musamman mai laushi da ke lotsawa in kin taɓa, shi ne nake so likita ya gani.

Akwai alamomin da babu zancen "ya danganta" a cikinsu. Ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ya yi jijjiga, amai yana maimaituwa, jini ko wani ruwa garai-garai yana fita ta hanci ko kunne, maɗiga ta kumbura, baƙin idonsa ɗaya ya fi ɗaya girma, ya ƙi motsa hannu ko ƙafa, kuka mai ƙara da ya ƙi lallashi, ko barcin da kina tashinsa yana komawa kamar ba shi ba. Ko ɗaya kika gani ki ɗauke shi ki tafi, ko ƙarfe biyun dare ne.

In kuwa ya yi kuka nan take, kika ɗauke shi ya yi shiru, ya kama nono, ya koma wasansa, ya wuce shekara ɗaya kuma faɗuwar ba mai nisa bace, toh mai yiwuwa zaki iya lura da shi a gida, amma fa lura ta gaske, awa 24 zuwa 48, ba ki bar shi wajen yayarsa ki fita ba. Ki sa masa tsumma mai sanyi a wurin, kar ki murza kumburin da ƙarfi. Amai sau ɗaya bayan dogon kuka yana iya zama ba komai ba, amma in ya sake ni dai zan ce ki zo. Barci kuma, ana yawan cewa kar a bar shi ya yi, ba haka bane, yaron da ya sha kuka dole ya gaji, ki bar shi ya yi, ke dai ki riƙa leƙa shi a daren farko, ki taɓa shi ki ga yana motsawa yadda ya saba, numfashinsa daidai. Kuma in kin zo likita ya duba ya ce ba sai an yi hoton ƙwaƙwalwa ba, kar ki ga kamar an yi miki rowa, hoton yana da haske mai ƙarfi da ba a son haska wa ƙaramin yaro sai da dalili, wani lokacin ajiye shi a sa masa ido na wasu awanni shi ya fi. Duk da wannan bayanin, in zuciyarki ta ce miki yaron nan ba yadda kika san shi yake ba, ki zo. Ke kika san shi, ni yau na fara ganinsa, kuma ban taɓa jin haushin uwar da ta zo aka duba aka ce lafiya ba.

Zazzaɓi da gudawa yake, ai haƙori ne ko?

Ba haƙori bane. Haƙori yana sa dalala, ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima, baya kawo zazzaɓi mai zafi kuma baya kawo gudawa. Lokacin ne ya zo ɗaya, wajen wata 6 kariyar da ya samo daga jikinki ta riga ta ragu, ga shi komai ya samu sai baki. Yara nawa aka kawo mana jiki ya bushe ido ya faɗa saboda an zauna ana jiran haƙori ya fito, wannan maganar tana min ciwo sosai. Gudawa a fara ruwan gishiri da sukari na fakiti da maganin zinc, a ci gaba da nono. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuma in zafinsa ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki, babu zancen magani a gida, asibiti.

Farasitamol cokali nawa?

Ba da cokali ake aunawa ba kuma ba da shekaru ba, da kilo ne. Miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo, bayan awa 4 zuwa 6, kar ya wuce sau 4 a awa 24. Yaro mai kilo 8 kenan miligiram 120 ne iyakarsa a sha ɗaya, in kwalbar an rubuta 120 a mil 5 toh mil 5 kenan. Amma ki karanta kwalbar, akwai mai 250 a mil 5, akwai na ɗigawa mai 100 a mil ɗaya tak, in kika ba shi mil 5 na wannan kin cuci hantarsa. Ki yi amfani da sirinji. Asfirin kuma ba na yara bane sam.

Ya fi jin daɗin barci rub da ciki.

Na sani, duk da haka rigingine zaki kwantar da shi har ya shekara, akan katifa mai tauri, babu filo babu tulin bargo. Tun da aka fara wannan kiran a Amurka a 1994 mutuwar jarirai cikin barci ta ragu da fiye da rabi. Rub da ciki sai idonsa biyu kina wurin, wannan kam yana ƙarfafa masa wuya. In ya kai yana juyawa da kansa gaba da baya, ki kwantar da shi rigingine, in ya juya ki ƙyale shi.

Ya fara rarrafe, me zan kawar?

Da kin tambaya tun wata ɗaya baya da ya fi, don kullum shiri ake yi wa abin da zai iya gobe. Ki durƙusa ƙasa daidai tsayinsa ki kalli ɗakin. Wajen wata 9 yake fara tsintar abu da yatsa biyu, tsabar kuɗi, maɓalli, murfin biro, ƙwayar magani da ta faɗi bayan kujera. Ƙaramin batir ɗin nan mai kama da maɓalli da ke cikin agogo da rimot shi na fi tsoro, in ya maƙale a maƙogwaro cikin awa 2 yana iya ƙona wurin, ko zato kike ya haɗiya ki taho. Bokiti ko baho mai ruwa a zubar a kife, kan yaro ya fi jikinsa nauyi, in ya leƙa ya faɗa baya iya fitowa kuma baza ki ji ihu ba. Kananzir, bilic da maganin ƙwari kar a zuba su a robar ruwan sha, in kuma ya sha kar ki sa shi amai, ki taho da shi da robar. Ƙuna, ruwan famfo mai sanyi minti 20, banda ƙanƙara banda shafe-shafe.

In abu ya shaƙe shi yana tari da ƙarfi ki bar shi ya yi tarin. In ya kasa kuka ya kasa numfashi kuma bai shekara ba, ki kifa shi akan hannunki kansa ya yi ƙasa, ki buga tsakanin kafaɗunsa sau 5 da tushen tafinki, ki juyo shi ki danna tsakiyar ƙirji da yatsa biyu sau 5, ki yi ta maimaitawa wani kuma yana neman taimako. Kar ki zura yatsa kina lalube a bakinsa, tura abin ciki zaki yi. Ranar da kika kawo shi awo ki ce wa nas ta nuna miki wannan da hannu akan 'yar tsana, da ke da babansa da duk wanda kike bar wa shi.